Jingar Fatar Baki Ce Ke Cika Unguwanninmu Da Kangaye

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin bayan birnin Kano, daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗanbare, daga Jaba zuwa Mariri, zai yi ta cin karo da abu guda: kango a tsaye, an kai shi linta an dakata, rodi ya yi tsatsa a saman ginshiƙi, ciyawa ta tsiro a inda aka yi niyyar yin falo. Mun saba cewa kuɗi ne suka yanke wa mai shi, mu yi masa addu'a mu wuce. Sau da yawa hakan ne. Amma ni da nake cikin dattawan da akan kira zaman sulhu a unguwarmu, na san cewa da yawan kangayen nan rigima ce ta tsayar da su. Ko mai gida da magini sun ɓata a kan kuɗi, ko wani ya ɓullo da takarda ya ce filin nasa ne, ko hukuma ta zo ta shafa jan fenti. Idan kuma ka bi diddigin rigimar, kusan kullum wuri ɗaya take kai ka: an yi cinikin miliyoyi da fatar baki, ba a rubuta komai ba.

Mun mai da rubuta yarjejeniya abin kunya. Mutumin da ba zai karɓi babur daga hannun dillali ba sai da rasit, shi ne zai miƙa wa magini abin da ya tara tsawon rayuwarsa, da zarar an ce a rubuta sai ya ce, "Haba, ai mun zama ɗaya." Magini ma haka, yana jin nauyin ya ce wa Alhaji a sa hannu a takarda, kada a ce bai yarda da shi ba. Wannan kunyar ce nake ganin ta fi tsadar siminti cutar da masu gini da masu gina musu, kuma ita ce ya kamata mu yaƙa.

Bari in kawo wani zama da aka yi a gabana. Wani malamin makaranta ne, da adashi da rancen ƙungiyar ma'aikata ya haɗa kuɗinsa. A ƙarshen 2023 ya ba wani magini jingar ɗaki uku da falo, kaya da aikin hannu duka a wuyan maginin, a kan kuɗi dunƙule, "har a gama". A lokacin buhun siminti yana wajen naira dubu biyar da 'yan kai. Kafin watan Fabrairun 2024 ya fita, buhu ya haura dubu goma a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta kira manyan kamfanonin siminti taro, aka yi maganar a tsaya tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Rodi da kwano ma suka bi sahu. Gini ya kai linta, magini ya kwashe shebur da kwanon sarki ya daina zuwa.

Da aka zauna a zauren mai unguwa, malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, jinga jinga ce. Da kaya sun sauka, zai dawo mini da canji ne?" Maginin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a farashin ranar muka yi magana. In na ci gaba da wannan aiki, sai na sayar da gidan da nake ciki." Aka tambaye su me ake nufi da "har a gama". Malamin ya ce har a miƙa masa mukulli. Maginin ya ce har rufi da filasta, amma tayis da wayarin da sokawe aikin wasu ne. Ana cikin haka sai ta bayyana cewa uwargidan malamin ta leƙo wurin aikin, ta sa an ƙara sito a jikin kicin an kuma faɗaɗa tagogi, ba a yi maganar kuɗinsu ba. Da aka zo lissafin abin da aka biya, wani ta banki aka tura, wani kuwa yaro aka aika da shi a leda, sai lissafin mutanen biyu ya saɓa da fiye da naira dubu ɗari huɗu. Shaida ɗaya ne ya halarci cinikin, shi ma abin da ya riƙe jimlar kuɗin kawai da fatihar da aka shafa.

Babu maƙaryaci a cikin mutanen nan biyu, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Kowannensu abin da ya fahimta yake faɗa, har yana shirye ya rantse. Shafi guda na takarda da ya raba wannan gardama tun kafin a haƙa fandisho.

A san cewa doka ba ta yi watsi da cinikin baki ba. Yarjejeniyar aiki ta baki yarjejeniya ce, tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta. Matsalar tana wajen tabbatarwa, domin a kotun majistare ko a kotun shari'ar Musulunci, wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Idan an tabbatar da cewa jinga ce a kan kuɗi dunƙule, kotu ba ta saba sake wa mutane ciniki don kawai kaya sun yi tsada ba, sai dai in tun farko an rubuta yadda za a yi idan farashi ya motsa. Aikin da mai gida ya ƙara daga baya kuwa, dole ya biya abin da ya dace da shi ko da ba a yanke kuɗinsa ba, muddin an tabbatar shi ya sa a yi. Maginin da ya gudu ya bar aiki ba dalili, ana iya neman sa da ƙarin abin da aka kashe wajen kammalawa. Wanda mai gida ya kora ba laifi, yana da haƙƙin kuɗin aikin da ya riga ya yi. Dokar a fili take, amma kowace gaɓa tana buƙatar hujja, kuma akwai wa'adin 'yan shekaru da idan ya wuce ba a shigar da ƙara ba, haƙƙin neman kuɗin ya faɗi.

Na lura idan ana wannan zance, masu gida ne ke da bakin magana, sai a ɗora wa magina laifi gaba ɗaya. Ba haka abin yake ba. Na ga masu hali sun tare a gida, sun yi walima, sun sa sabuwar mota a gareji, alhali cikon kuɗin birkila da kafinta da mai fenti yana wuyansu. Talaka ya yi ta sintiri a ƙofar gidan da ya gina da hannunsa, maigadi yana ce masa Alhaji ba ya nan. Shi kuma maginin leburori ne a bayansa, masu jiran kuɗin yini su kai cefane gida. Addininmu ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci, ya kuma kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Wanda ya kwana a ƙarƙashin rufin da bai biya kuɗin ɗora shi ba, alhali yana da hali, ya san da wa zai yi shari'a gobe kiyama.

Su ma magina da 'yan kwangila akwai nasu. Akwai mai karɓar kafin alƙalami a wuri uku a lokaci guda, ya riƙa toshe ramin wannan da kuɗin wancan. Akwai mai matse buhun da ya kamata ya ba da bulo kimanin talatin har sai ya ba da hamsin. Akwai mai karɓar kuɗin rodi mai kauri milimita 16, ya zuba mai 12 a cikin ginshiƙi, ya yi sauri a zuba kankare kafin mai gida ya zo. Wannan ya wuce cin amanar kuɗi, wasa da rayuka ne. Mutanen Kano ba su manta da benen da ake kan ginawa da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufto wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, tana da hukumomin rajistar injiniyoyi da masu zanen gini da magina, irin su COREN da ARCON da CORBON. Amma mutum zai ɗora bene hawa biyu ba tare da injiniya mai rajista ya taɓa taka wurin ba, wai yana tsimin kuɗi. Malaman Malikiyya tun da daɗewa suka ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu, don kada dukiyar mutane ta tafi a banza. To amma ta yaya za ka kama magini da canza rodi, idan ba a taɓa rubuta irin rodin da za a sa ba?

Idan rigima ta ɓarke, abin da mutanenmu suka fi saurin yi shi ne garzayawa ofishin 'yan sanda. Mai gida ya sa a kulle magini "har sai ya fito da kuɗina", ko ɗan kwangila mai hanya ya sa a ɗauko mai gida. Wannan haramun ne a dokar ƙasa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba ce, haka ma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 a sashe na 8. Kotuna sun sha nanata cewa karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, kuma wanda ya kai ƙarar ma ana iya cin sa tarar tauye haƙƙin ɗan Adam. In akwai damfara ta gaskiya, kamar mutum ya karɓi kuɗi da sunan shi injiniya ne alhali ba shi ba ne, ko ya sayar da filin da ya san ba nasa ba, wannan laifi ne, hurumin 'yan sanda ne. Amma saɓanin lissafi tsakaninka da birkilanka yana da ƙofofinsa. Akwai mai unguwa da dattawa. Akwai gidan sulhu na Babbar Kotun Jihar Kano. Akwai kuma kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019, wadda aka tsara don a gama shari'a cikin kwana sittin, mutum kuma yana iya tsaya wa kansa ba lauya. Magina da yawa da aka cinye wa haƙƙi ba su ma san da ita ba.

Duk wannan a kan ginin ne. Akwai abin da ya riga shi, wato ƙasar da aka ɗora shi a kai, kuma a nan asarar ta fi muni. Tun ranar 29 ga Maris 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, aka kuma kafe ta a cikin kundin tsarin mulki. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, domin dokar filaye ta 1962 da wadda Turawa suka kafa tun 1910 duk a kan wannan turbar suke. Ma'anar ita ce abin da kake saya haƙƙin zama ne da amfani, wanda a filin gida akan ba da na shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar gida sukutum saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Idan banki da lauyoyinsa ya faɗa wannan rami, ina ga mai sayen fuloti a awon igiya da 'yar takardar dillali?

Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfaninta, shaida ce cewa an yi ciniki an biya kuɗi. Amma ba ta hana a sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, ba ta nuna ko filin yana kan hanyar da aka tsara ko magudanar ruwa, ba ta kuma nuna ko gonar gado ce da ba a raba ba, wani cikin magada ya yi gaban kansa. Ita kanta takardar mallaka ta gwamnati, wato C of O, Kotun Ƙoli ta ce ba ta wanke wanda tun asali ba shi da haƙƙi a filin. Shi ya sa bincike kafin biya ya zama wajibi: a je ofishin rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a duba sunan wa ke kan fayil. A tambayi maƙwabtan filin ta kusurwa huɗu. In na gado ne, a ga takardar rabon gado daga kotu. A sa safiyo ya auna ya kafa duwatsu. Sannan kafin a sauke tifar yashi ta farko, a karɓi izinin gini daga hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ko takwararta ta jihar da mutum yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya tsallake wannan ya yi gini a filin wani, ƙa'idar da manyan kotuna ke bi mai tsauri ce: abin da aka kafa a kan ƙasa na mai ƙasa ne. Fiƙihun Malikiyya ya bambanta tsakanin wanda ya yi gini bisa zaton filin nasa ne, wanda akan ƙimanta masa gininsa a tsaye, da wanda ya ƙwace da gangan, wanda ba ya samun fiye da ƙimar ɓaraguzai. Haka kuma akwai hauzi: wanda yana gari, yana gani, bare ya riƙe filinsa yana gini yana rushewa har shekara goma bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi magana, ba a sauraron da'awarsa. Waɗanda ke sayen fuloti su ajiye su manta da shi, su kula da wannan. A kuma sani cewa rigimar mallakar filin da gwamna ya ba da takardarsa, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumin saurarenta. Mutane kan ɓata shekaru a kotun da ba ta da hurumi, a ɗaukaka ƙara a rushe komai, a koma farko.

Za a ce da ni rubutu sai da lauya, lauya kuwa sai da kuɗi. A cinikin fili da babban gini, ina ba da shawarar a nemi lauya, domin abin da zai karɓa bai kai kuɗin tifa 'yan kaɗan na tsakuwa ba. Amma jingar gida tsakaninka da magini, ko da Hausa aka rubuta ta, da boko ko da ajami, ta wadatar. A rubuta sunaye da inda filin yake. A lissafa aikin dalla-dalla, abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. A faɗi wanda zai sayi kaya da irinsu: bulo inci tara ko inci shida, kaurin rodi, nau'in kwano. A raba biya gaɓa-gaɓa, fandisho, linta, rufi, filasta, kada a biya gaɓa sai an ga ta baya ta kammala. A rubuta yadda za a yi idan farashi ya tashi ko ya sauka, da ranar gamawa, da sharaɗin cewa duk ƙarin aiki sai an yanke kuɗinsa a rubuce kafin a taɓa shi. A riƙe wani ɗan kaso, kamar biyar cikin ɗari yadda ake yi a manyan kwangiloli, har damina ta gwada rufin, a kuma rubuta ranar da za a sake shi, don kada riƙon ya zama hanyar cinye haƙƙi. A ambaci wanda za a je wurinsa in an saɓa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. In ɗayansu bai iya karatu ba, a karanta masa, a rubuta cewa an karanta masa ya gane. Kuɗi kuma a tura ta banki, domin Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura, har da saƙon banki da na WhatsApp, idan an cika sharuɗɗanta.

Wanda kuma yake ganin rubutu rashin yarda ne, ya tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai ne aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Takarda tana tsare zumunci ne. Mutum yana mantuwa, yana mutuwa, magadansa kuma ba su san abin da aka faɗa a gindin bishiya ba.

Gwamnati ma tana da nata kason laifin. Muddin neman takardar mallaka da amincewar gwamna zai riƙa cin watanni ko shekaru da kuɗin da talaka ba zai iya ba, mutane za su ci gaba da tururuwa zuwa awon igiya. Kuma wajibi ne takardar gwamnati ta zama abin dogaro. A watan Yunin 2023 an yi rusau a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula a Kano, a kan filayen da gwamnatin da ta gabata ta bayar. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30 a watan Satumba na shekarar, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, darasin ɗaya ne: kada gwamnati ta raba filin da bai kamata a raba ba, kada kuma a rushe ginin mai takarda ba tare da bin matakan doka ba. In ba haka ba, da wane baki za mu ce wa talaka ya je ya yi takarda?

Ina kira ga ma'aikatun shari'a na jihohinmu da ƙungiyar lauyoyi su fitar da takardar jingar gini ta shafi ɗaya ko biyu da Hausa, a ajiye ta a wurin masu unguwanni da shagunan kayan gini, kowa ya ɗauka ya cike. Ƙungiyoyin magina da kafintoci su wajabta wa 'ya'yansu kada su ɗaga shebur sai da ita, domin su ta fi karewa. Limamai su sa wannan a huɗubar Juma'a kamar yadda suke sa maganar riba da tauye mudu. Kai kuma mai karatu, in kana da gini a hannu yanzu, ko kai ne mai gida ko kai ne magini, kada ka jira sai an ɓata. Ka kira abokin cinikinka tun kuna dariya da juna, ku zauna da shaidu biyu, ku rubuta abin da aka biya, da abin da ya rage, da aikin da ya saura, kowa ya sa hannu. Allah ya sa mu gama da dukiyar mutane lafiya.